Lig ɗin besbol na ƙirƙira daga 1914: me ya sa tambarina ba ya zama?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina buga Football Manager, yanzu na koma Out of the Park Baseball. Ina son in kafa lig nawa na ƙirƙira mai kulob takwas, ya faro daga 1914 ya gangaro har zuwa yau. Na zaɓi garuruwa irin su Los Angeles, Miami, Phoenix da Niyok, na kuma zana wa kowane kulob tambari mai kyau, akwai damisa mai buɗe baki, akwai gaggafa mai walƙiya. Amma duk lokacin da na buɗe gem ɗin sai in ji abin bai zauna ba, ba ya ƙamshin 1914 ko kaɗan. Ina matsalar take?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Matsalar ba a hannunka take ba, zanen naka ma mai yiwuwa ya fi na mutane da yawa kyau. Daga ƙarshe ka faro aikin, shi ke nan. Tambari shi ne abu na ƙarshe da ake yi, domin a 1914 ba mai zane ne yake yanke yadda alamar kulob za ta kasance ba. Layin dogo ne yake cewa ga inda kulob zai zauna, aljihun mai kulob ya ce ga abin da za a iya kashewa, almakashin tela kuma ya ce ga abin da zai hau riga. In ka shimfiɗa waɗannan uku daidai, tambarin kusan da kansa yake zuwa.

Gem ɗin ba zai tsawata maka ba. Tun da Bajamushen nan Markus Heinsohn ya fitar da shi a 1999 aka gina shi a kan cewa mai wasa ya yi yadda ya ga dama, kuma yana ɗauke da tarihin besbol na gaske tun daga 1871. Ka sa kulob a Miami a 1914, zai karɓa, ya tsara maka jadawali, ya ba ka 'yan kallo. Kai ne za ka hana kanka.

Mu fara da taswira, don nan ne ɓarnar ta fi yawa. A ƙidayar Amurka ta 1900, mutanen Miami ba su kai 2,000 ba, na Phoenix kuwa 5,000 da 'yan kai. Los Angeles tana da kusan 102,000. A wannan ƙidayar Buffalo tana da sama da 350,000, ita ce ta takwas a girma a duk ƙasar, Baltimore kuma ta haura 500,000. Wato garuruwan da kake ganinsu manya yau, a lokacin wasunsu ko kulob ɗin unguwa ba za su iya ciyarwa ba. Ko da Los Angeles ta yi girman da ake so, kuma ta yi saurin girma bayan haka, tafiya daga Niyok zuwa can a jirgin ƙasa kwana da kwanaki ce, alhali besbol kusan kullum ake buga shi. Shi ya sa daga 1903 har zuwa 1952 manyan lig biyu na Amurka, National da American, suka zauna da kulob 16 a garuruwa 10 kacal, babu wanda ya motsa, kuma babu wanda ya wuce St. Louis ta yamma. Sai a 1953 Braves suka bar Boston suka koma Milwaukee, sai kuma 1958 Dodgers da Giants suka tsallaka Kalifoniya, lokacin jirgin sama ya zama abin hawan yau da kullum. Saboda haka ka ɗauki taswirar layin dogo, ka zaɓi garuruwa takwas da jirgin dare zai iya haɗa su, a kwana a cikinsa a wayi gari a buga wasa da la'asar. In kuwa zuciyarka na kan Kalifoniya, to ka yi lig ɗin gaba ɗaya a gaɓar yamma. Akwai abin koyi na gaske, Pacific Coast League da aka kafa a 1903, wanda saboda sauƙin sanyin yankin kakarsa takan yi tsawo fiye da ta gabas.

Shekarar da ka zaɓa ta yi maka gata, ko ka sani ko ba ka sani ba, domin a 1914 ɗin ne aka yi yunƙuri na ƙarshe na kafa babban lig na uku da ya kai ga buga wasa, wato Federal League. Kaka biyu ya yi ya mutu, 1914 da 1915. Kafin ka ƙara taɓa komai, ka zauna ka kalli yadda aka gina shi. Garuruwa huɗu sun shiga ne don su yi gogayya da manya a gidansu: Shikago, St. Louis, Pittsburgh da Brooklyn. Huɗu kuma garuruwa ne masu jama'a da manyan suka yi watsi da su: Baltimore, Buffalo, Indianapolis da Kansas City. Wannan rabon ba haɗari ba ne. Lig ɗin da ba ya cikin Shikago da yankin Niyok ba wanda zai kira shi babba, wanda kuma duk kulob ɗinsa ke raba 'yan kallo da wasu zai talauce. Dubi Indianapolis: ita ta ci kofin 1914, amma kuɗin ƙofa bai riƙe ta ba, aka kwashe kulob ɗin zuwa Newark a 1915. Zakara ya yi ƙaura bayan ya ci kofi. Irin wannan abin ne yake sa tarihi ya yi kama da tarihi, kuma da wuya mutum ya ƙirƙiro shi da ka, don hankali yakan ce ai ba zai yiwu ba.

Sannan ka tambayi kanka, kuɗin wa? Kulob ɗin Shikago na Charles Weeghman ne, mai jerin gidajen abinci, shi ya gina filin da yau ake kira Wrigley Field. Na Brooklyn na Robert Ward ne mai gidan burodi, har sunan burodinsa ya liƙa wa kulob ɗin, Tip-Tops. Na Newark akwai kuɗin man fetur na Harry Sinclair a bayansa. Kowane kulob naka ka rubuta masa layi biyu: mai shi, sana'arsa, da kuma ko zai iya jure asarar shekara uku. Wannan takardar ita za ta ba ka suna, ta ba ka launi, ta kuma gaya maka wanda zai fara rushewa. Kuma tunda naka lig ɗin zai rayu, dole ka san dalilin da ya sa bai mutu ba inda na gaske ya mutu. Na gaske, yaƙin albashi ne ya ci shi. Da aka yi sulhu a ƙarshen 1915, aka bar Weeghman ya sayi Cubs, Phil Ball na St. Louis ya sayi Browns, aka bar Baltimore a rana, ta kai ƙara, har kotun ƙolin Amurka ta yanke a 1922 cewa dokar hana babakere ba ta hau kan besbol ba. A duniyarka kana iya cewa an yi sulhun da ya amince da lig na uku. Ko me ka zaɓa, ka rubuta shi ka ajiye.

Yanzu saitin cikin gem. Nan zan yi sauri don abin a fili yake, amma kada ka tsallake shi. Ka ɗaura alƙaluman lig ɗinka a kan shekarar 1914, ka kuma bar su su riƙa bin shekarun gaske suna sauyawa. Wannan zamanin mataccen ƙwallo ne. Ƙwallo ɗaya ake ta bugu har ya yi baƙi ya yi laushi, masu jifa suna shafa masa yawu da taba, bugun da ke tsallake katanga, wato homron, abu ne na jefi-jefi. Mutumin da ake wa laƙabi da Home Run Baker, da guda 9 ya zo na ɗaya a American League a 1914. Tara, a kaka guda. Sai a 1920, shekarar da aka haramta jifan yawu, Babe Ruth ya buga 54. In ka gwada kaka ɗaya ka ga wani ɗan wasanka ya buga 40 a 1914, saitin bai hau ba, ka koma. Haka masu jifa: wanda ya fara wasa ana sa ran ya ƙarasa shi. Walter Johnson ya ci wasa 36 a 1913, ya yi jifa a zubi (innings, wato zagayen wasa) sama da 340, alhali yau wanda ya kai 200 jinjina masa ake yi. Jadawali wasa 154 ne, ba 162 ba, wannan sai 1961. Babu wasan dare a manyan lig kafin 1935. Babu zaɓen matasa na shekara-shekara kafin 1965, babu mai bugu a madadin mai jifa kafin 1973. Kuma tunda daga ƙwallon ƙafa ka taso, ka cire batun hawa da faɗuwa daga ranka, babu shi a nan. Kulob yana iya zama na ƙarshe shekara bakwai a jere kuma yana nan daram, kamar yadda Athletics na Filadelfiya suka yi daga 1915 zuwa 1921.

Abin da masu zuwa daga Football Manager suka fi mantawa shi ne 'yancin ɗan wasa. Babu shi. Tun 1879 akwai sharaɗin da ke ɗaure ɗan wasa ga kulob ɗinsa ko kwantiraginsa ya ƙare, bai warware ba sai ƙarshen 1975. Ka kashe wannan saitin na ɗan wasa ya tafi inda ya so. Ƙarfin mai kulob ya kai inda da Federal League ta rushe, Red Sox suka nemi su zabtare albashin Tris Speaker zuwa dala 9,000, ya ƙi, suka tura shi Cleveland a 1916, kuma yana cikin gwanayen da ba su da na biyu a lokacin.

Fili ma ka ba shi haƙƙinsa. Filayen lokacin a tsakiyar unguwa aka cusa su, titi ne yake yanke musu siffa, don haka babu biyu da suka yi kama. Polo Grounds na Niyok, bayan faɗaɗa shi da aka yi daga baya, gefen dama ƙafa 258 ne, tsakiya kuwa 483. Gavvy Cravath ya zo na ɗaya a National League da homron 19 a 1914, kuma ɗan matsattsen filin Baker Bowl na Filadelfiya yana da hannu dumu-dumu a ciki. Ka ba kulob ɗaya ko biyu irin wannan karkataccen fili, bayan kaka goma za ka ga sun fara tara irin 'yan wasan da filin ke so.

Suna kuwa, a wancan zamanin galibi 'yan jarida ne ke raɗa shi, kuma ba ya zama. Kulob ɗin Brooklyn na National League an kira shi Bridegrooms, an kira shi Superbas, an kira shi Robins saboda kocinsa Wilbert Robinson, kafin Dodgers ya zauna, shi ma daga kauce wa taragon cikin gari ya samo asali. Cleveland sun yi shekaru ana ce musu Naps saboda ɗan wasansu Nap Lajoie. Pirates zagi ne aka yi wa Pittsburgh a 1891 don sun ɗauke Lou Bierbauer daga hannun wasu. Sunaye daga launin safa, daga sana'ar gari, daga sunan koci, daga ba'a. Da wuya ka samu sunan guguwa ko tsawa. A cikin takwas ɗinka, biyu su zama na launi, biyu na sana'a, ɗaya na mutum, aƙalla ɗaya kuma ya zama suna mara daɗi wanda za a sauya kafin 1925.

To, ga tambari. Abu na farko da za ka haɗiye shi ne, yawancin kulob na 1914 ba su da tambari irin wanda kake nufi. Harafi suke da shi. Detroit suna da D ɗin nan mai ƙayatattun lanƙwasa irin na tsohon rubutun Ingila, Washington suna da W, Yankees suna da N da Y a sarƙe, wanda suka fara sawa tun 1909 suna Highlanders. Inda dabba ta fito, ƙarama ce kuma a natse take: ɗan beyar na Cubs a tsaye cikin harafin C riƙe da sanda, ba ya gurnani, ba ya nuna haƙori. Farar giwar Athletics ma daga gatse ta fito, John McGraw, kocin Giants, ne ya kira kulob ɗin da haka a 1902 yana nufin kaya ne mai cin kuɗi ba riba, Connie Mack, kocin Athletics ɗin, ya karɓe ya mayar da ita alama. Tsuntsaye biyu a kan sanda na Cardinals, wanda mutane ke ɗauka tun fil azal yake, sai 1922 ya hau riga.

Dalilin wannan sauƙin shi ne kayan aiki. Rigar ulu ce mai nauyi, alamar kuma daga wani ƙyallen ulu mai kauri ake yanko ta da almakashi a ɗinka a ƙirji, ko a yi ta da ɗinkin sarƙa. Don haka gwajin da nake ba kowa shi ne: ka ɗauka ka miƙa wa telan bakin kasuwa zanenka, da almakashi da ƙyalle kala biyu, ka ce ya fitar maka da shi goma sha biyar kafin Juma'a. Duk abin da zai sa ya ɗago kai ya kalle ka, cire shi. Damisarka mai inuwa a ƙarƙashin haɓa, da launin da ke narkewa daga ruwan lemo zuwa ja, da layin gefe uku, da ƙyallin ido, ba ɗaya da zai tsira.

Bari mu yi ɗaya tare. Ɗauki Buffalo, garin rumbunan hatsi a bakin tafkin Erie, ka ce mai kulob ɗin ɗan kasuwar hatsi ne. Buɗe manhajar zane ta Inkscape, kyauta ce. Rubuta B da harafi mai kauri mai ƙafafu, irin na allunan shaguna na da, sannan ka mayar da shi zane don ka iya taɓa gaɓoɓinsa. Yanzu ka ɓata shi kaɗan: cikin sama ya ɗan fi na ƙasa ƙanƙanta fiye da yadda na'ura ta yi, kusurwoyi su ɗan dakushe domin almakashi ba ya fitar da tsini mai kaifi a ƙyalle mai kauri, ƙafar hagu ta ɗan fi ta dama tsawo da abin da ido ba zai kama ba sai an ƙura. Launi ɗaya, shuɗi mai duhu wanda ya kusa baƙi, a kan fari mai ɗan ruwan madara, ba farin allon kwamfuta ba. In kana son hatsin ya fito, zangarniya ɗaya a kwance ƙarƙashin harafin, mai ƙwaya bakwai ko tara manya, ba arba'in ƙanana ba. Shi ke nan, ka tsaya. Hannunka zai yi ta ƙaiƙayin ƙara wani abu, kada ka biye masa. Ka fitar da shi a PNG, bayansa wayam, sannan ka ƙanƙantar da shi ya koma kamar girman farcen babban yatsa, domin a teburin maki da jerin sakamako haka za ka riƙa ganinsa sau dubu. In a wannan girman B ɗin yana karantuwa, ya yi. Na kan hula hana-salla kuwa harafin kaɗai, ba zangarniya.

Wani abin da nake ƙi shi ne a bi tambari da tabo da ƙura da yagewa wai don ya tsufa. A 1914 sabo ne. Siffarsa ce za ta nuna zamaninsa, ba datti ba.

Launuka kuma ka taƙaita: shuɗi mai duhu, ja, jan garura, baƙi, jefi-jefi kore ko ruwan ƙasa. Fari a gida, ruwan toka a waje. Kada ka damu in kulob uku sun yi tarayya a shuɗi, haka abin yake, ba wanda ya zauna ya raba musu launi. Kuskuren da ke tona asirin lig na ƙirƙira nan take shi ne a ga tambari takwas duk girmansu ɗaya, duk a cikin da'ira, kowanne da launinsa daban kamar an jera alli. Na gaske a hargitse suke. Wani harafi ne, wani cikakken sunan gari ne a lanƙwashe a ƙirji, wani ma rigar ba komai sai alama a hannu. Ka bar ɗaya ya yi muni. A 1916 Brooklyn da Giants sun fito da riguna masu gidan dara, kuma a cikinsu Brooklyn suka je gasar ƙarshe ta shekarar. Kada ka sa lamba a bayan riga kafin 1929, lokacin da Yankees da Cleveland suka mayar da ita al'ada, sunan ɗan wasa a baya kuwa sai 1960 da White Sox.

Tunda har yau kake son kaiwa, kowane kulob zai buƙaci tambari huɗu ko biyar, ba ɗaya ba, kuma kada su sauya a shekara guda. Tsakanin 1930 da 1950 rubutun haɗe mai jela a ƙasa ya yi tashe. Daga bayan yaƙin duniya na biyu zuwa shekarun 1960 zanen barkwanci ya shigo, dabba mai murmushi da hula, irin tsuntsun da Orioles suka ɗora a hula a 1966. Talabijin mai launi ya zo da kore da ruwan zinare na Athletics a 1963, Pirates suka kawo rigar roba mai miƙewa a 1970, Astros suka yi ta bakan gizo a 1975, Brewers suka fitar da m da b da suka haɗu suka zama safar kama ƙwallo a 1978. Damisarka mai buɗe baki da gaggafarka mai walƙiya 'yan shekarun 1990 ne, zamanin da Marlins da Rockies suka shigo a 1993 da shuɗi-kore da shunayya. Ka ajiye su a wani fayil, lokacinsu zai zo. Kuma ka bar kulob ɗaya mai taurin kai wanda bai taɓa sauya harafinsa ba tun 1914, yawanci wanda ya fi cin kofi ne, don mai nasara ba ya taɓa rigarsa.

Akwai shawara ɗaya da ba zan yanke maka ba, amma kada ka bari gem ya yanke maka ita a ɓoye. Manyan lig sun rufe ƙofa ga baƙaƙen fata har sai da Jackie Robinson ya shiga Dodgers a 1947. Shi ya sa Rube Foster ya kafa Negro National League a Kansas City a 1920, aka samu kulob irin su Monarchs da Homestead Grays, da gwanaye irin su Josh Gibson da Satchel Paige. Kana iya bin tarihin yadda yake, ka gina lig na baƙaƙe a gefe da nasa tamburan. Kana kuma iya cewa naka lig ɗin ya buɗe ƙofa tun farko. Ni wannan na biyun ya fi burge ni, domin yana amsa tambayar da na yi maka ɗazu: lig na uku da ba shi da kuɗin sayen taurarin manya, amma ya ɗauki gwanayen da manyan suka ƙi, yana da hanyar rayuwa ta gaske. Sai dai in ka bi nan, ka bar abin ya yi tsada a labarin, wani mai kulob ya ƙi, wani gari ya yi bore, kada ya zo sumul. Zanen ba'a na 'yan asalin Amurka da wasu kulob suka yi amfani da shi kuwa, ba dole ba ne ka kwaikwaya. Cleveland da kansu sun ajiye nasu bayan kakar 2018.

Abu biyu na ƙarshe, na aiki ne zalla. Ka kashe saitin da ke barin gem ya ƙaura da kulob ko ya ƙara sababbi da kansa, in ba haka ba za ka wayi gari ka ga ya kai maka Baltimore wani ƙauye a 1923 ya kuma manna mata tambarin da ya ga dama. Kai za ka riƙa yin ƙaurar da hannunka, a ƙarshen kaka, bayan ka duba wanda ya yi shekaru yana asara. Sannan kada ka karɓi kulob a kakar farko. Ka bar kwamfuta ta buga daga 1914 zuwa wajen 1920 kana kallo, ka gajarta kakar 1918 saboda yaƙi kamar yadda aka yi a gaske, ka ajiye kwafin fayil ɗin kafin kowane babban sauyi. In ka shigo a 1921 za ka tarar akwai zakaran da kowa ke jin haushi, akwai tsohon mai jifa da hannunsa ya fara mutuwa, akwai kulob ɗin da bai taɓa wuce na shida ba. Wannan na ƙarshen shi za ka karɓa, kuma shi ne na farko da za ka sauya wa suna da tambari.